Ragar Shenzhen da Maganar 'Yancin Mutuwa

A watan Fabrairun 2010 wata yarinya 'yar shekara 17 ta baro ƙauyensu a lardin Hubei na ƙasar Sin, ta nufi birnin Shenzhen neman na kanta, kamar yadda miliyoyin 'ya'yan manoma suka yi gabaninta. Ta samu aiki a Longhua, wata makekiyar masana'anta ta kamfanin Foxconn wadda ita kaɗai gari guda ce. Mutum sama da 300,000 ke aiki a cikinta a lokacin, suna harhaɗa wayoyi da kwamfutocin Apple da Dell da HP da wasu kamfanonin. Aikin yarinyar duba gilashin na'ura ne, ko ya ƙarzu ko ya tsage. Kafin ta ajiye ɗaya wani ya riga ya iso gabanta. Haka za ta wuni, awa 12 in an haɗa da ƙarin lokaci, ba hira da ta kusa da ita, ba tashi sai da izini. A ɗakin kwana su takwas ne, kowacce da garinsu, wasu na aikin dare wasu na rana, har wata ya shuɗe ba ta yi ƙawa ko ɗaya ba.

Da wata ya ƙare ba a ba ta katin albashinta ba. Aka ce mata yana can Guanlan, wata masana'antar kamfanin, tafiyar awa guda a bas. Ta je. Wannan ofis ya tura ta wancan, wancan ya tura ta gaba, ta wuni tana gantali, ta dawo hannu rabbana. Guzurin da ta zo da shi daga gida ya ƙare, wayarta ta lalace, ba ta da wanda za ta kai wa kuka. Ranar 17 ga Maris, kwananta 37 da fara aiki, ta jefa kanta daga benen da suke kwana. Da yake da sauran shan ruwanta, ba ta mutu ba. Ta yi kwana 12 a sume, ta farfaɗo daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi. Kuɗin da take bin kamfanin na wannan watan wajen yuwan 1,400 ne, a kuɗin ƙasar Sin.

Mun san labarinta ne don ta rayu ta faɗe shi da bakinta ga masu bincike, musamman Jenny Chan, wadda ta shafe shekaru tana nazarin rayuwar ma'aikatan Foxconn tare da Pun Ngai da Mark Selden. Yawancin sauran ma'aikatan da suka yi irin wannan yunƙuri ba su samu wannan dama ba. A shekarar 2010 kaɗai ma'aikatan kamfanin 18 ne suka yi yunƙurin kashe kansu, 14 suka mutu. Ƙaraminsu shekara 17, babbansu 25. Abin ya fi ƙazanta a watan Mayu, har mai kamfanin, attajirin Taiwan Terry Gou, ya taso da kansa ya zagaya da 'yan jarida cikin Longhua ranar 26 ga watan, don su ga yadda ake kula da ma'aikata. A daren ranar wani ma'aikacin ya sake mutuwa.

Matakan da kamfanin ya ɗauka suna nuna inda yake ganin cutar take. Ya ɗaura raga a jikin benaye don ta tare duk wanda ya faɗo, hoton da ya zagaya duniya ke nan. Ya ɗauko masu ba da shawara kan damuwa, ya buɗe layin waya na kai kuka, ya gayyato limaman addinin Buda su yi addu'a. Ya raba wa ma'aikata wata takarda su sa hannu cewa ba za su cutar da kansu ba, in kuma sun yi, iyalansu ba za su nemi wani abu fiye da abin da doka ta tanada ba. Da surutu ya yi yawa aka janye ta. Ya kuma sanar da daina biyan iyalan mamatan kuɗin jaje masu kauri, da hujjar cewa kuɗin ne ke kwaɗaita wa wasu mutuwa. Ka tsaya ka auna wannan hujja da kyau. In har gaskiya ce, to kamfanin ya amsa da bakinsa cewa gawar ma'aikacinsa ta fi ransa amfani ga iyayensa. Sannan, cikin 'yan kwanaki, aka ɗaga albashin tushe daga yuwan 900 a wata, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya a yankin, zuwa 1,200, aka kuma yi alkawarin 2,000 daga watan Oktoba ga wanda ya ci gwajin da aka gindaya. Kuɗin da shekara da shekaru ake nuna babu su, rana ɗaya sai ga su.

Albashin nan na 900 shi ne jigon komai. Ba ya riƙe mutum a Shenzhen, balle a aika wani abu gida. Don haka ma'aikaci da kansa yake neman ƙarin lokaci, ya sa hannu cewa ya yarda. Dokar ƙwadago ta Sin ta ce ƙarin lokaci kada ya wuce awa 36 a wata, amma in oda ta yi yawa ana ninka wannan har a zarce. A takarda ba wanda aka tilasta. Ga kuma tsarin rajistar mazauni da ake kira hukou, wanda ke ɗaure ɗan ƙauye da ƙauyensu: ya yi aiki a birni shekara goma, har gobe baƙo ne wajen makarantar 'ya'yansa da asibiti da gidan zama. Komawa gida kuwa ba gonar da za ta riƙe shi, yawancinsu ma ba su taɓa noma ba. Gaba kura, baya sayaki.

Masu kare kamfanin sun fara da lissafi. Shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, ya faɗa a wani taro a watan Yunin 2010 cewa Foxconn ba gidan bauta ba ne, kuma in aka duba yawan ma'aikatansa, adadin masu kashe kansu bai kai na Amurka ba. In ka raba 14 da ma'aikata wajen 900,000, gaskiya ne adadin ƙarami ne. Sai dai lissafin yana da rami. A ƙasar Sin masu kashe kansu sun fi yawa a karkara, musamman tsofaffi, ba a cikin samari masu jini a jika da aka tantance lafiyarsu kafin a ɗauke su aiki ba. Kuma mafi yawan mutuwar a masana'antu biyu ta faru, a birni ɗaya, cikin 'yan watanni, ta hanya iri ɗaya. In mutum goma suka mutu a unguwa ɗaya bayan sun sha ruwan rijiya ɗaya, ba a cewa ai a faɗin jihar nan mutum dubu ke mutuwa kowane wata. Rijiyar ake zuwa a leƙa.

Hujja ta biyu ta fi wannan zurfi, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Akwai masu cewa: baligi ne, da ƙafarsa ya je neman aikin, ƙofa a buɗe take in ya ga dama ya tafi, in kuma ya yanke wa kansa cewa rayuwa ta ishe shi, wannan haƙƙinsa ne. A wurinsu ragar ma zalunci ce, don an hana bawan Allah ko da ikon barin duniya. Maganar tana kama da tausayi. Tana kuma aro rigar wata muhawara babba da ake yi a Turai da Amurka, wato muhawarar 'yancin mutuwa. Ya kamata a duba ko rigar ta yi wa ma'aikacin Shenzhen daidai.

A gadon asibiti aka haifi wannan muhawara. Da likitanci ya ci gaba har na'ura ta iya riƙe numfashin mutumin da ba zai tashi ba, sai tambaya ta taso: yaushe ake barinsa ya tafi? A 1976 kotun ƙolin jihar New Jersey ta Amurka ta yarda iyayen Karen Ann Quinlan su sa a cire mata na'urar numfashi. Daga nan magana ta yi rassa, kuma mutane da yawa suna cakuɗa su. Cire na'ura ko ƙin shan magani abu ne daban, mutum ya bar cuta ta yi aikinta ke nan. Wannan ko malaman Musulunci sun tattauna shi: majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yarda a cire na'ura daga wanda ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu. Likita ya rubuta wa majinyaci magani ya sha da hannunsa don ya mutu, wannan wani abu ne, shi jihar Oregon ta fara aiki da shi a 1997, Suwizalan kuma ta daɗe ba ta hukunta mai taimakon in ba don wata riba tasa ya yi ba. Likita ya yi allurar da kansa kuwa shi ne matakin ƙarshe, wanda Holan da Beljiyam suka halatta a 2002, Kanada a 2016, Sifen a 2021.

Ba na cikin masu goyon bayan matakai biyun ƙarshe, amma ba zan yi wa masu goyon bayansu ƙage ba. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji a kwanakinsa na ƙarshe, ya ji nishinsa cikin dare, ya san abin da suke nufi. Suna cewa wannan mutum mutuwa ta riga ta tsaya a kansa, abin da ya rage masa kawai shi ne yadda za ta zo, don me za a ja masa azaba? Kuma saboda sun san hatsarin abin da suke nema, sun kewaye shi da shinge. Dokar Holan ta ce dole buƙatar ta fito daga majinyacin bisa raɗin kansa bayan dogon tunani, wahalarsa ta zama wadda ba ta jurewa kuma ba a sa ran sauƙinta, ya zama ba wata mafita mai ma'ana, wani likita mai zaman kansa ya duba shi, sannan kwamiti ya bi diddigin abin da aka yi. A Oregon sai likitoci biyu sun tabbatar saura wata shida ko ƙasa da haka ya rage wa mutum, ya roƙa da baki sau biyu, a asalin dokar da tazarar kwana 15, ya kuma rubuta a gaban shaidu.

To ɗauki waɗannan sharuɗɗa ka gwada su a kan yarinyar Hubei. Shekararta 17. Ba ta da ciwon ajali. Ba ta yi dogon tunani ba, tsakanin dawowarta daga Guanlan da faɗowarta ɗan lokaci ne. Ba wanda ya zauna da ita ya tambaye ta ko ta tabbata. Wahalarta kuwa tana da magani, kuma maganin yana cikin wata durowa a wani ofis: kati ɗaya, yuwan 1,400, da barci, da mutum guda da zai ce mata “me ke damunki?” Ko a ma'aunin waɗanda suka fi kowa kare 'yancin mutuwa, abin da ya same ta bai shiga ciki ba. Duk wanda ya kira shi zaɓi, ko da kyakkyawar niyya, ya wanke wanda ya riƙe katin.

Binciken masana ma ya nuna cewa galibin masu irin wannan yunƙuri suna cikin wani ƙunci ne mai zuwa ya wuce. A 1978 wani masani a jami'ar Kalifoniya, Richard Seiden, ya bi sawun mutum 515 da aka tare a kan gadar Golden Gate ta birnin San Francisco suna shirin faɗawa. Bayan shekaru sama da ashirin, kusan kashi 94 cikin ɗari suna raye, ko sun yi mutuwar Allah da Annabi. A Birtaniya, da aka sauya iskar gas ɗin girki mai guba da wadda ba ta da wannan guba a shekarun 1960 zuwa farkon 1970, adadin masu kashe kansu ya faɗi da wajen kashi ɗaya cikin uku. Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi haɗari, adadin ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015. Da mutanen nan sun yanke hukunci ne na dindindin, da sun nemi wata hanyar. Yawancinsu ba su nema ba. Daren ya wuce, gari ya waye, wani ya yi musu magana, suka rayu. Wanda ke karanta wannan yana cikin irin wannan dare, ya riƙe wannan adadin, ya samu mutum guda ya faɗa masa halin da yake ciki, ɗan'uwa ne ko aboki ko likita.

Saboda haka ni ba na yi wa ragar Foxconn dariya kamar yadda aka yi ta yi. Raga tana ceton rai. Ita kanta gadar Golden Gate an kammala ɗaura mata tata a farkon 2024. Abin da ke ci mini rai shi ne inda aka tsaya. Raga jiki take tarewa. Wanda ta tare, gobe da safe yana nan a layin da ya baro, gaban shugaban da ya zage shi jiya a gaban mutane, da ɗakin da ba wanda ya san sunansa.

Akwai wani abin da ya faru a wannan watan na Mayun 2010, a lardi ɗaya da Shenzhen, wanda ba a cika haɗa shi da wannan labari ba. A wata masana'antar kayan motar Honda da ke Foshan ma'aikata suka ajiye aiki. Da yawansu 'yan makarantun koyon sana'a ne da suka san juna tun daga aji. Suka tsaya tare har aka yi musu ƙarin albashi. Su ma matasa ne, su ma 'yan ƙauye ne, albashin duk kusan ɗaya. Bambancin shi ne waɗannan suna da juna. A Foxconn kuwa ana raba 'yan gari ɗaya a ɗakuna daban, ƙungiyar ma'aikatan ma a lokacin wata mataimakiya ta musamman ga mai kamfanin ce ke shugabantarta. Kukan da ba shi da inda za a kai shi a cikin mutum yake zama. A watan Janairun 2012 ma'aikatan Foxconn wajen 150 a birnin Wuhan suka hau rufin masana'anta suka ce za su faɗo in ba a saurare su ba kan sauyin wurin aiki da kuɗin da aka yi musu alkawari. Sai da aka zauna da su suka sauko. Mutanen da ke ciniki kan albashi rayuwa suke so. Tura ce ta kai bango, har ransu ya zama shi kaɗai ne abin da suka ga za su ɗora a kan tebur a dube su.

Wasu ƙasashe sun riga sun amsa tambayar wa ke da alhaki, a kotu. A Faransa, kamfanin sadarwa na France Télécom, wanda yanzu ake kira Orange, ya ƙuduri rage ma'aikata 22,000 cikin shekara uku. Da yake yawancinsu ba sa koruwa bisa doka, sai aka tsara a ƙuntata musu har su tafi da kansu: a ɗauke mutum daga garinsa a jefa shi wani, a raba shi da aikin da ya ƙware a kai, a bar shi a ofis ba abin yi. Shugaban kamfanin, Didier Lombard, ya faɗa wa manajoji a 2006 cewa zai fitar da mutanen ko ta taga ko ta ƙofa. A 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka kashe kansu, wasu sun bar wasiƙa suna ambaton aikin. Lombard ya taɓa kiran abin yayi, daga baya ya nemi afuwa. A watan Disambar 2019 wata kotu a Paris ta same shi da wasu manyan kamfanin da laifin muzgunawa da aka mayar tsarin aiki, ta yanke masa shekara ɗaya, ta jingine wata takwas, ta ci kamfanin tarar Yuro 75,000. Hukuncin ya yi kaɗan ƙwarai, kotun ɗaukaka ƙara ma ta ƙara sassauta shi a 2022. Amma ƙa'idar ta tsaya, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da ita a watan Janairun 2025: shugaba na iya zama mai laifi ko bai taɓa haɗuwa da ma'aikacin da tsarinsa ya murƙushe ba.

Japan ta riga Faransa. Suna da kalma ta musamman, karoshi, mutuwa saboda yawan aiki. A shekarar 2000 kotun ƙolin ƙasar ta ɗora wa kamfanin talla na Dentsu alhakin mutuwar wani ma'aikacinsa ɗan shekara 24 da ya kashe kansa a 1991 bayan watanni yana kwana a ofis. A 2015 wata ma'aikaciyar kamfanin, ita ma 'yar shekara 24, ta bi sahunsa bayan ta yi ƙarin lokaci sama da awa 100 a wata guda. Hukumar ƙwadago ta ɗauki mutuwarta a matsayin hatsarin aiki, shugaban kamfanin ya sauka, daga 2019 kuma doka ta sa wa ƙarin lokaci iyaka. Abin lura a nan, a tsarin Japan mutumin da aiki ya jefa cikin ciwon damuwa har ya hallaka kansa ana iya lissafa shi tare da wanda inji ya kashe.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce batutuwan biyu ba abin da ya haɗa su. Amma shingen da na ambata ba ya zama inda aka kafa shi. A watan Fabrairun 2020 kotun tsarin mulkin Jamus ta ce kowane mutum na da 'yancin yanke yadda zai mutu, kuma wannan 'yanci bai taƙaita ga masu ciwo mai tsanani ba, yana nan a kowane matakin rayuwa, muddin da cikakken hankali da son rai ne. Kanada a 2021 ta cire sharaɗin cewa sai mutuwar mutum ta kusa, ta buɗe ƙofa ga masu naƙasa da ciwon da ba ya warkewa amma ba ya kisa. A 2023 mutum sama da 15,000 ne suka mutu da taimakon likita a ƙasar, kusan kashi 5 cikin ɗari na duk mamatan shekarar. Mafi yawansu tsofaffi ne da ajali ya riga ya kusanto, wannan gaskiya ne. Amma an samu labaran naƙasassu da suka nemi a taimaka musu su mutu suna ambaton rashin matsuguni da ƙarancin tallafi, har wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin naƙasassu ya nemi Kanada a 2025 ta soke wannan sashe. Nan ne Shenzhen ke da abin da za ta koyar. Mutum na iya kasancewa da cikakken hankali, ya sa hannu da kansa, kamar yadda ma'aikaci ke sa hannu a takardar ƙarin lokaci, alhali wasu ne suka toshe masa duk sauran ƙofofi. Kuma ga gwamnati ko kamfani, buɗe wa mutum ƙofar mutuwa kullum ya fi araha a kan gina masa gida ko biyansa albashin da zai riƙe shi.

Mu a nan ba mu da wannan muhawara a irin siffarta ta Turai. Musulminmu da Kiristanmu sun haɗu a kan cewa rai amana ce, ba mallakar mutum ba. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta ce kada ku kashe kawunanku, lallai Allah Mai jinƙai ne a gare ku. Na yi imani da haka. Amma ina ganin mu ma muna da namu kuskuren, wanda ke kai mu inda masu cewa “zaɓinsa ne” suka je. In aka ji wani ya kashe kansa, abin da ake fara cewa shi ne ya yi asara duniya da lahira, daga nan an rufe magana. Ba a tambayar wa ya riƙe masa albashin wata biyar, wa ya tozarta shi, wa ya ga ya daina cin abinci ya kau da kai. An bar jaki ana dukan taiki. Alhali addinin da ya haramta kashe kai shi ne ya ce a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, ya ce kada a ɗora wa na ƙasa da kai abin da ya fi ƙarfinsa, in an ɗora a taya shi. A Sahihu Muslim ma akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa har ya yi wa hannuwansa raunin da ya yi ajalinsa, Annabi (SAW) ya roƙa masa gafara. Ba kasafai ake jin wannan hadisi a bakin masu saurin yanke hukunci ba.

Kada kuma a ɗauka irin wannan masana'anta sai a Sin. A watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda suka ɓalle wani kamfanin shinkafa a Kano suka fito da ma'aikata sama da ɗari waɗanda suka ce an kulle su a ciki tsawon watanni suna aiki ba a bari su fita. Duk wanda ya san Sharaɗa da Chalawa da Bompai ya san ma'aikacin wucin gadi da ake biya kullum ta Allah, ba takardar ɗauka, ba ƙungiya, in ya yi magana akwai goma a bakin ƙofa suna jira.

Yarinyar Hubei dai kamfanin ya ba iyayenta yuwan 180,000, aka mayar da ita ƙauye a keken guragu, ta koyi saƙa takalman auduga tana sayarwa. Da a arewacin Najeriya abin ya faru, da bayan ta farfaɗo akwai wata takarda da ke jiranta. Sashe na 231 na kundin Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A kudu sashe na 327 na nasu kundin ya tanadi shekara ɗaya. Gadon Turawan mulkin mallaka ne. Su Ingila sun soke tasu tun 1961, majalisar Gana ta soke tata a watan Maris na 2023.